Surukai Biyu a Kujerar Kamfanin Tiya

Duk wanda ya san Gummi ya san gidan su Ishaq, can gangaren da ake bi zuwa gulbi, inda ƙaiƙayin shinkafa ba ya rabuwa da ƙofar gida. Mahaifinsa manomin fadama ne. Ya rasu Ishaq yana sakandare, ya bar shi da Inna da gona da wani haushi da ya girma tare da shi. Kowace kaka sai dillalai su sauka a masussuka su yi wa shinkafar mutane kuɗin da suka ga dama, don manomi bai san yadda ake sayar da ita a Jega ko Gusau ba. Inna ta riƙe gonar da ƙarfin hali, ta tura shi Sakkwato ya karanta kwamfuta. Da ya dawo, 'yan unguwa suka ce madalla, an samu mai gyaran waya.

Shi kuwa manhaja ya ƙera, wadda za ta riƙa gaya wa manomi farashin hatsi. Ya kai ta wani taron ƙungiyoyin manoma a Bukkuyum yana ta rawar jiki, sabuwar shadda, sabon takalmi. Bai gama bayani ba wani dattijo ya miƙe daga baya. Malam Halliru ke nan na Anka, tsohon malamin lissafi, mutumin da a haife ya haifi Ishaq, kuma bakinsa ba ya da linzami.

"Yaro," in ji shi, "wanga abu naka duk Turanci, rubutu ƙanana awa ƙwan kifi, wa zai karanta shi? Awakin kasuwa?"

Aka fashe da dariya. Da wani yaron ne, da sai ya sunkuyar da kai. Ishaq ya ce, "Malam, kai da ka san abin da za su iya karantawa, mi ka yi musu duk shekarun nan?"

To fa. Suka kama gardama har aka kira azahar, aka yi salla suka ɗora daga inda suka tsaya, aka watse suka bi juna har tasha. A wannan gardamar aka haifi kamfanin Tiya. Malam Halliru ya tilasta aka cire rubutu aka sa murya: manomi ya kira da 'yar ƙaramar wayarsa, ya ji farashin kasuwanni da Hausarsa ko da Fulatanci, ya faɗi yawan buhunan da yake da su, manhaja ta haɗa na ƙauye guda, mai saye ya turo mota. Ishaq ya san injin, Malam ya san mutane, tun daga masu unguwanni har ardo-ardon rugage.

Da suka zo yi wa kamfanin rajista suka ƙi a ce wane ne babba. Dukansu shugabanni ne, kujera ɗaya. Doka ɗaya suka kafa: ba a yanke babbar magana sai da baki biyu. Mutane suka ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, ku jira ku ga ranar rabon kaya. Ranar ba ta zo ba. Faɗa dai kullum, ma'aikata har sun saba, in suka ji ofis shiru sai su leƙa su ga ko wani ba ya da lafiya. Malam ya buga tebur, Ishaq ya buga, kowa ya tona ramin da ke cikin shawarar ɗan'uwansa, abin da ya tsira daga hannunsu su biyu shi ake aikatawa. Haka Tiya ta bazu daga fadamun Gummi zuwa gonakin wake na Bukkuyum har ƙauyukan Anka. Suka ɗauki ma'aikata, suka sa sola a rufin ofis, suka ɗauko Asma, 'yar Bukkuyum, wadda ta fi Ishaq saurin rubuta manhaja kuma ba ta ɓoye masa hakan.

Sai aure ya shigo. Malam Halliru yana da 'ya, Basma, ma'aikaciyar jinya. Ta ga Ishaq, ya gan ta, ita ce ma ta fara gaya wa gwaggonta cewa in ba shi ba a ƙyale ta da aikinta. Aka ɗaura. Kafin biki mazan biyu sun zauna sun yi wa juna alkawari: aiki daban, surukuta daban, babu abin da zai canza. Ƙarya suke yi, su da kansu ba su sani ba.

Ranar da Ishaq ya koma aiki ya tarar da Malam a ofis, bai san lokacin da ƙafafunsa suka tuɓe takalmi ba. Sai ganin kansa ya yi a durƙushe yana cewa, "Baba, an kwana lafiya?" Malam ya kau da kai yana amsa wa bango. Aka zauna taro. Malam ya kawo shawarar da makaho ma ya ga ramin da ke cikinta, Ishaq ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Baba." Ishaq ya kawo tasa gurguwa, Malam ya ce, "Madalla, Malam Ishaq, Allah ya sa albarka." Asma ta dube su, ta rufe kwamfutarta ta fita.

Allah ya taimake su, kunya a ido take. Da yamma Malam ya koma Anka, ya kira waya kan wata 'yar magana, kafin ka ce kwabo sun kaure. "Malam, wagga shawara taka ba ta yi ba!" "Kai, rufe mini baki, yaushe anka haife ka?" Kowa ya ajiye waya yana murmushi. Daga ranar suka gane dabara ba tare da sun faɗa wa juna ba: Malam ya zauna ofishin Anka, Ishaq na Gummi, aikin shugabanci duk ta waya. In an haɗu a suna ko ta'aziyya, suruki ne da surukinsa. Kamfani ya ci gaba da girma, har wani babban kamfanin sayen hatsi na Birnin Kebbi ya yarda zai sayi amfanin kakar bana gaba ɗaya ta hannun Tiya. Ishaq ya ce wa Inna wahala ta ƙare.

A ƙarshen daminar 2021 aka rufe sabis ɗin waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, man fetur ya koma sai an sha wuya. Mutane suka wayi gari wayoyinsu sun zama fitila. Kamfanin da rayuwarsa duk kira ce, ranar ko ƙara ɗaya ba a ji a ofis ba. Ma'aikata suka zauna suna kallon juna. Manoma suka fara zuwa da ƙafa suna tambaya, shinkafa ta kusa nuna, motocin da aka yi musu alkawari suna nan tafe? Dillalai kuwa har sun fara zagaye, suna murmushin da Ishaq ya sani tun yana yaro.

Mafita tana nan, Ishaq ya gan ta tun makon farko. A kwashe kwamfutoci da ma'aikata a koma Birnin Kebbi inda akwai sabis. A bar mutum ɗaya a gida da wakilan kamfani, su bi ƙauyuka suna ɗaukar bayanin buhuna a wayoyinsu, direbobi su riƙa fitar da wayoyin zuwa inda za su kama. Asma ta gyara manhajar don haka cikin 'yan kwanaki. Saura baki biyu. Amma wa zai tafi, wa zai zauna? Mai injin shi zai tafi, wanda ya san ƙauyuka shi zai zauna. Wato Ishaq ya dubi idon uban matarsa ya ce masa: ni zan ɗauki 'yarka in koma birni, kai tsoho ka hau babur ka bi hanyoyin da ake ɗauke mutane.

Ya shiga motar Anka da maganar a bakinsa. Hanyar nan kowa a mota salati yake, ba mai hira, in direba ya rage gudu sai kowa ya zuba wa daji ido. Ya isa lafiya, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin tabarma. Aka gaisa, aka tambayi Inna, aka tambayi damina, aka jajanta hali. Aka kawo tuwo, Malam ya tashi ya ba shi wuri, don suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Da ya dawo Ishaq ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Baba, batun aiki ne." Malam ya ce, "To, ya ka gani?" Ishaq ya ce, "Ai sai yadda kuka gani." Malam ya ce, "A'a, duk yadda ka gani." Aka kira la'asar. Ishaq ya sake bin wannan hanya ya koma Gummi, ya sa ransa a kasada don ya ci tuwon dawa.

Ya sake zuwa, aka sake yin haka. Ya aiki Asma ta yi bayani dalla-dalla. Ta dawo da amsa: Malam ya ce duk abin da Malam Ishaq ya yanke ya yarda.

"To shi ke nan," in ji Asma, "ya yarda, a ɗaure kaya."

Ishaq ya girgiza kai. "Wannan kara ce, ba yarda ba. Ban taɓa samun amincewar Malam ba sai ya zage ni tukuna. In bai yi faɗa ba, akwai abin da yake gani bai faɗa ba."

"Kai jama'a!" Asma ta tafa hannu. "Mutum biyu da hankalinsu za su kashe kamfani don gaisuwa! Shugaba, kunyarku ba za ta ciyar da 'ya'yana ba. In watan nan ya ƙare muna nan, ni na tafi."

Ba ita kaɗai ba. Biyu daga masu rubuta manhaja sun riga sun sulale Kaduna, ko sallama ba su yi ba, kuma Ishaq bai ga laifinsu ba. Ya rame, wuyansa ya fito. Yana zama a ofis ya zuba wa wayarsa ido kamar za ta tausaya masa. Basma, wadda cikinta ya fara nauyi, ta ce bari ita ta je ta yi wa Baba magana. Ya hana. Ya tura matarsa ta roƙi ubanta ya shiga daji? Gara kamfanin ya mutu. Daga ya faɗi haka kuma sai tsoro ya kama shi, don ya ga lallai mutuwar yake yi. Wata safiya ya leƙa fadama ya tarar da wani tsohon abokin mahaifinsa yana auna wa dillali shinkafar da ko bushewa ba ta gama ba. Tsohon ya ɗago ya ce, "Ɗana, mun jira ku." Ishaq ya juya yana share ido da hularsa.

Ana haka wani direba ya kawo saƙon baki daga Birnin Kebbi. Manajan kamfanin hatsin, Alhaji Umar Faruk, ya ce a gaya wa 'yan Tiya ana rabon motocin kaka, in suna raye su zo, in ba su zo ba ba zai riƙe musu wuri ba.

Washegari Ishaq ya sake kama hanyar Anka, ya rantse yau sai ya faɗa. Ya isa da rana tsaka, ya durƙusa, aka gaisa. "Ya ka gani?" Ya buɗe baki, wallahi harshen ya ƙi. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi farin gemun Malam, ya tuna wannan ne zai zama kakan ɗansa, maganar ta koma ciki. Ya miƙe kamar mai tafiya, ya kai ƙofar zaure, ya tsaya. Sai ya zaro wayarsa da ba ta da sabis ko ɗigo, ya juya wa surukinsa baya, ya kanga ta a kunne.

"Salamu alaikum," ya ce wa bango. "Malam Halliru nake nema."

Ishaq ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Can sai ya ji motsin aljihu a bayansa, da ƙarar tabarma, alamar mutum ya juya.

"Wa alaikumus salam. Kai, sai yanzu ka ga damar kira? Kana can kana barci kamfani yana mutuwa!"

"Ni ke barci? Sau nawa ina zuwa kana cika ni da tuwo?"

"Tuwon ka zo ci! Mutum da bakinsa, ya ka gani, ya ka gani. Tun makon da anka rufe sabis ya kamata ka kwashe yaran nan ka yi Birnin Kebbi. Mi kake jira?"

"To mi ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a ce mi? A ce Halliru ya ga wuta ya sa surukinsa ya fitar masa da ɗiya, ya bar tsohuwar uwarsa a Gummi? Kai ya kamata ka faɗa!"

"In faɗa a ce na tura uban matata daji ni na gudu birni?"

"Wa ka tura? Kai wa ne da za ka tura ni? Ni na san hanyoyin nan tun ba a yi auren Innarka ba!"

Suka yi ta yi, baya da baya, kowa da matacciyar waya a kunne. Matan gida suka taru a bayan ƙofa suna toshe baki. Ishaq yana faɗa hawaye na zuba, rabonsa da jin daɗi irin wannan tun damina. Aka daidaita komai: Inna za ta bi su, Malam zai koma Gummi ya riƙe wakilai. A kan abu ɗaya suka fi daɗewa. Malam ya dage sai an haɗa da ƙauyukan Anka, har su Duza, inda ya ce mutane sun sha wuyar gubar dalma wajen haƙar zinariya sun koma gona, ba za a yashe su bana ba, kuma babu wakilin da zai shiga can in ba shi ba. Ishaq ya ce sam. Gummi da Bukkuyum, inda ake bin kwalta, su kaɗai za a yi bana, dajin Anka sai hanya ta yi kyau. Ya kafe, ya ce in ba haka ba ba zai ɗaga ko kujera ɗaya ba. Daga ƙarshe Malam ya yi tsaki ya ce, "Taurin kai kamar na ubanka. Na yarda, a bar Anka."

Kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Ishaq ya juyo ya durƙusa ya ce, "Baba, zan koma." Malam ya dubi gefe ya ce, "Allah ya tsare hanya, Malam Ishaq. A gaida mutanen gida."

Kwashe ofis bai ɗau lokaci ba. Kwamfutoci a cikin barguna, batura a ƙarƙashin kujeru, Asma a gaba tana yi wa direba faɗa kan ramuka, Inna da Basma a baya. Suna matsowa Jega wayoyin da ke cikin motar suka farka gaba ɗaya, ƙara ta ko'ina, har Inna ta tsorata ta yi salati. Ko masauki ba su nema ba, suka zarce kamfanin hatsi. Ishaq ya bar su a mota a inuwar wata bishiyar bedi ya shiga shi da Asma.

Alhaji Umar Faruk ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya saurari sabuwar dabarar har ƙarshe, ya ce ta yi. Sannan ya tafa hannu a hankali.

"Malam Ishaq, kun makara. Na jira ku har na fara jin kunyar masu gidana. Gummi da Bukkuyum na ba wasu, motocinsu ma sun shiga. Anka kaɗai ta rage, ita ma don babu wanda ya yarda ya ɗauka. In kuna da mutumin da zai shiga ƙauyukan nan ya tattaro mana bayani, motocin da suka rage naku ne, kuma baɗi mu sake zama. In babu, ku faɗa mini yanzu in juya su Neja, gobe suke tashi."

Gaba kura, baya sayaki. In ya ce a'a, Tiya ta mutu a wannan ɗakin, da ita da guminsu da jiran da manoma suka yi. In ya ce e, ya karya abin da baki biyu suka yanke, ya kuma ɗora tsohon a kan hanyar da shi da kansa ya yi rantsuwa ba zai bi ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya shiga ƙauyukan nan a buɗe masa rumbu. Makonnin da suka ɓata suna gaisuwa, ga abin da suka saya da su.

"Ko za ka tuntuɓi abokin shugabancinka?" in ji Alhaji.

Ishaq ya fita baranda ya kira lambar Malam, ko da yake ya san amsar. Sabis ya cika wayarsa taf, muryar matar nan ta ce ba a samun lambar a halin yanzu. Ya sake kira, ta sake faɗa. Ya tsaya yana kallon buhunan da ake lodi a tsakar kamfanin. Asma ta leƙo ta dube shi, ta juya.

Ya koma ciki ya zauna. "Mun karɓa," ya ce.

Da ya fito rana ta yi sanyi. Inna tana gyangyaɗi da carbi a hannu. Basma ta leƙo ta tagar mota, hannunta ɗaya a kan cikinta, tana neman labari a fuskarsa.

"An dace?"

"An dace. Anka suka ba mu."

Ta dube shi. Ita ma 'yar Anka ce, ta san hanyoyin, ta san wanda zai bi su.

"Baba zai ji daɗi," ta ce a hankali.

"Zai ji daɗi," in ji Ishaq. Ya zagaya ya nemi direban da zai koma Zamfara da safe, don ya ba shi saƙon da zai kai wa Malam.